Gaiwa a Kwatarniyar Kakata

In kun ga dama ku yarda, in ba ku ga dama ba ku bar mani abina, ba ku ne farkon masu ce mani maƙaryaci ba. Na san sunan da na yi. Ni ne na ce na ga duma a Gobir wanda aka fafe aka yi ma jaki ɗaki a ciki. Ni ne kuma na ce guguwa ta taɓa tuɓe mani wando a Kornaka, na je na iske shi jikin wani mai raƙumi a Azagor. Waɗannan, to, na ɗan zuba masu gishiri. Amma wanda zan faɗa maku yanzu ko ƙwaya ban ƙara ba, don shi kanshi ya fi ƙarfin bakina: da idon nan nawa na ga kifi ya fito daga cikin busasshiyar ƙasa da ranshi. Wanda ya isa ya ce a'a, ya matso kusa in ga fuskarshi.

Tungarmu tana arewa da Kornaka, cikin rairayin ƙasar Dakoro. Abin ya faru tun ba mu ko ji labarin Nasara ba, sa'ad da gemuna sai ka matso sosai kake ganinshi. Ruwa a wurinmu ba abin wasa ba ne. Rijiyarmu, in ka saki guga da safe, sai ka je gida ka sha fura ka dawo kafin ka ji ya taɓa ruwa. Sa ke jan igiya, ya yi ta tafiya har ya manta abin da ya fito yi. Shi ya sa a garinmu ba kyautar da ta kai ruwa. Baƙo in ya sauka, kafin a tambayi ɗan wane ne an miƙa mashi ƙwarya. Mutumin da aka ce ya hana wani rai ruwa, ko da kare ne, ɗiyanshi sai sun yi nisa wajen biɗar aure. Kifi kuwa ba mu san shi ba, sai wani baƙin abu busasshe da fatake kan kawo kasuwa, mai warin tsohon takalmi. Ni har na girma ina tsammanin ɓawon wani icce ne.

Kakata, uwar ubana, maginiyar tukwane ce. Tun da kakanmu ya rasu hannunta ke riƙe da rabin gidan: tulu, randa, kasko, tukunyar tuwo, a kai kasuwa a musanyo hatsi. Ƙasarmu kuma rairayi ce zalla, ko roƙonta ka yi ba ta haɗuwa, sai an je fadamar da ke kusa da Ɗan Gulbi an haƙo yumɓu. Da can da ƙafarta take zuwa. Da gwiwa ta fara yi mata gardama sai aikin ya faɗo bisa ni da jakunana. Duk tafiya takan ƙulle mani ɗan hatsi a tsumma in zuba bakin ramin da magina ke haƙar yumɓu, kuma takan ja mani kunne da magana ɗaya: yumɓu kaɗai aka ba mu, duk abin da ka iske a ramin wanda ba yumɓu ba, ko ƙwaro ne, ka bar shi inda ka gan shi. Haka uwarta ta koya mata.

Nakan ce, "To amarya, in na iske zinariya fa?"

Ta ce, "Kai da ko kashin jakinka ba ka gani sai ka taka, mijin banza."

Haka muke da ita, wasan jika da kaka, ba mai jin haushi.

A wata bazara mai zafi, irin wadda ƙadangare ke ɗaga ƙafa ɗaya ta huce sannan ya sauya, na je na iske fadamar ta bushe ta tsattsage. Na sa dagi na ɓamɓaro manyan hoge, na cika mangala, na koro jakuna gida. Kaka ta zuba su cikin babbar kwatarniyarta, ta sheƙa masu ruwa, ta bar su su jiƙa. Washegari da hantsi ina zaune gindin rumbu ina ɗinkin akumari sai na ji kuka. Ba kukan kwaɗo ba, ba na ɗan akuya ba, wani abu tsakaninsu, kamar jinjirin da aka toshe ma baki. Na ɗaga kai. Kaka na tsaye bakin kwatarniya, hannu duk laka, ba ta motsi.

"Kai ne?" ta ce.

"Ni ne me?"

"Kai ne ke wannan shaƙiyanci da bakinka?"

Kafin in rantse sai kukan ya sake fitowa, daga cikin yumɓu.

Na taso. Hoge ɗaya ya rabe biyu, a tsakiyarshi ga wani abu naɗe cikin wata siririyar fata mai kama da ɓawon albasa. Kaka ta sa farce ta ɗan yage. Jama'a, ga abin da na gani. Wata halitta ce ta naɗe kanta kamar gammo, ta aza wutsiya bisa fuska kamar mai jin kunyar surukai. Ruwa ya taɓa ta, ta yi shiru. Can sai wutsiyar ta zame a hankali, ga ƴan idanu ƙanana kamar ƙwayar dawa. Sai ta fara miƙewa, tana ta miƙewa, har ta wuce kamu. Ba hannu, ba ƙafa, sai wasu zarurruka huɗu suna reto a gefenta. Ta ɗago baki ta ja iska, na ji da kunnena, fuuut, kamar tsoho ya tashi daga barcin rana. Sannan ta kaɗa jiki ta zagaya kwatarniyar.

Ni da bakina ba ya mutuwa, ranar ya mutu. Hogen nan ni na ɓamɓaro shi, sai da na jiƙe da gumi. Ya yi tafiya bisa jaki cikin ranar da ke fasa dutse. Ya ma taɓa faɗowa a hanya, na zage shi na maida. Ashe duk wannan da rai a ciki, yana barci, yana jiran ruwan da bai san ranar zuwanshi ba. Kaka ta ce a hankali, "Tsarki ya tabbata ga Mai wannan aiki."

Kafin azahar gidanmu ya cika. Wasu suka ce maciji ne, a kashe. Wasu suka ce ɗan ruwa ne, a yanka mashi baƙar kaza. Liman ya leƙa ya daɗe yana kallo, ya ce halittar Allah ce, kada wanda ya cuce ta, Wanda ya raya ta cikin hoge Shi ya san dalili. Sai aka kirawo wani tsohon farke da ya yada zango a garinmu bai ƙara tashi ba, mutumin da ƙafarshi ta taka har Gwanja zamanin yana fataucin goro. Ya duba ya kwashe da dariya.

"Gaiwa ce," ya ce. "Kifi ne. Kai, ƙauyawan tudu!"

"Kifi cikin ƙasa, Baba?" na ce. "To gobe sai ka ce mana raƙumi na kwana cikin rijiya."

"Yi mani shiru, kai me ka gani a duniya?"

Ya kife turmi ya zauna. Ya ce wannan ai jinjira ce cikin halittun ruwa. A kogin Kwara ya ga ayu, dabba mai girman saniya, da nono a ƙirji kamar mutum, yana kiwo cikin ruwa yana cin ciyawa. Masunta suka kama shi da rai suka ɗaure da igiya a wutsiya cikin wani ɗan kududdufi, don mai garin wurin ya riƙa nuna ma baƙi. Ya ce yakan taso ya yi ajiyar zuciya kamar wanda aka yi ma mutuwa, yara na jifanshi, igiya ta ci wutsiyar har ƙashi, ran da ya mutu aka raba kitsen. Ya ce kuma can ƙarshen ƙasa, inda shi bai kai ba amma ya ci tuwo da waɗanda suka kai, akwai ruwan gishiri da ba ya da ƙetare, da kifayen da in ɗaya ya mutu ruwa ya turo shi gaɓa, gari guda ke fita da gatura. Har farin wurin nan na kuɗi da mata ke kitsawa a gashin ɗiyansu, in ji shi, ɗakin wani ƙwaro ne na can, a binne su cikin rairayi mai ɗakin ya ruɓe, a wanke a kawo mana. Mutane suka ce tsoho ya fara ruɗewa. Ni dai haushi na ji, don ko ni ban taɓa shirya wadda ta kai wannan ba.

Kaka ba ta yi dariya ba. Labarin igiyar nan ya tsaya mata a rai. Da aka watse ta ce mani, "Na ɗauko abin da ba a ba ni ba."

Na ce ai ni na ɗauko, kuma ban sani ba. Ta ce ramin bai san ni ba, ita ya sani. In abin nan ya mutu a hannunta, yumɓu ya gama da ita, duk abin da ta gina zai tsage a wuta, haka ya faru da wata a zamanin uwarta. Ta rufe kayan gininta da tabarma, ta ce ba ta ƙara gina ko kasko sai ta maida baƙuwar inda aka ɗauko ta, da ranta. To ina za a maida ta? Fadama ta bushe kamar fatar ganga, damina kuwa ko ƙamshinta babu. Dole a riƙe ta. Hatsin rumbu kuma, in ba tukwane, ba zai kai mu ko shuka ba.

Aka sa gaiwa cikin randar da ta fi kowace girma. Matar baffana ta dama mata fura, ta ƙi. Aka jefa mata tuwo, ta dube shi kamar an zage ta. Sai da Kaka ta fasa shuri ta kawo gara, sannan muka ga baki ya buɗe, haf. In rana ta take ta haska cikin randar, sai ka ga jikinta toka-toka da ɗigo-ɗigon baƙi, tana taka ƙasan randa da zarurrukan nan, wannan bayan wannan, kamar tsohuwa mai lallaɓawa da sanda. Nakan manta da jakuna ba su sha ruwa ba ina kallonta. Jim kaɗan sai ta taso ta fiddo baki sama ta koma. Mu muka ce gaisuwa take yi.

Ran kasuwar Kornaka na je, kuma kun san hali. Na hau bisa buhun kanwa na ce gidanmu an yi baƙuwa daga ƙarƙashin ƙasa, tana da gemu, tana amsa sallama, in liman ya kira salla tana juyawa gabas.

Wata mai daddawa ta ce, "In dai kai ka faɗa, to ko kwaɗo babu a gidan."

Na ce, "Iya, bar ma ɗiyarki tallan ki biyo ni, in ba ki gani ba ki hau ni ki dawo."

Buzun da ke da kanwar yana jin an ambaci kifi ya ƙara jan rawani bisa hanci, ya ce in sauka mashi daga kaya, su ko sunan ba su so. Sauran jama'a kuwa suka biyo ni kamar na saci akuya. Daga ranar hanyar gidanmu ba ta huta ba. Kuma mutanenmu ba su zuwa ganin baƙo hannu banza. Tunda aka ce masu baiwar Allah ta yi wata da watanni cikin ƙasa ba ta sha ko ɗigo ba, tausayi ya kama kowa. Kowace mace ta zo da ƴar ƙwaryar ruwa daga rabon gidanta, ta tsiyaya a randa ta ce, "Sannu da ƙishi, baiwar Allah." Mai daddawar nan har da hawaye. Ruwan da aka yi ma gaiwar nan kyauta, ko amaryar sarkin Gobir ba ta yi wanka da shi ba.

Wata rana Kaka ta tafi daji biɗar gara. Randa ta cika har tana zuba. Gaiwa ta yi wani juyi ta faɗo ƙasa tim, mata suka watse da ihu. Baffana, ƙanen ubana, mutum ne mai son a ce ya yi dabara. Ya kwashe ta da faifai ya maida, aka ƙara cika randar, ya cusa gindin akushi a bakinta har ruwa ya tumbatso ta gefe, ya danne da dutsen niƙa. Ya kakkaɓe hannu ya ce, "Yanzu ta sha iya shanta, ba mai damunta." Kowa ya ce madalla. Wa zai ce ruwa ya yi ma kifi yawa?

Kaka ta dawo rana ta yi tsaka. Ta ga dutse. Ta aje ƙwaryar gara.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Inna. Don kada ta sake faɗowa."

"Tun yaushe?"

"Tun hantsi."

Tsohuwar da kullum ke kukan gwiwa, ranar ita kaɗai ta ture dutsen niƙa. Ta fizge akushi. Gaiwa na kwance ƙasan randa bisa gefe, zarurrukan nan sun saki kamar jiƙaƙƙiyar rama. Kaka ta zura hannu biyu har kafaɗa, ta tallabo kan, ta fiddo bakin sama da ruwa, ta riƙe. Baffa ya fara, "Inna, ai ni gani na yi..." ta ce, "Rufe mani baki." Ƙuda na yawo bisa fuskarta ba ta kore shi ba. Ni har na fara tunanin jakin da za a fara rabuwa da shi in ginin tukwane ya ƙare. Sai bakin nan ya buɗe, ya ja iska da wata ƙara kamar an zare ƙafa daga taɓo. Ya sake ja. Wutsiya ta motsa.

"Ba gaisuwa take yi ba," in ji Kaka, ba ta dubi kowa ba. "Numfashi take yi. Saura kaɗan ku nutsar da ita."

Kifi fa, jama'a. Ya sha rana cikin hoge bai mutu ba, ruwa ya so kashe shi. Na koma bayan rumbu na zauna ina ta juya abin, ya ƙi zama a kaina. Har yau bai gama zama ba.

Labarin ya ƙara jawo mutane, har da wani boka daga yamma da ya zo jaye da bunsuru. Ya ce a ba shi ita, wai wanda ya ci zuciyar abin da ƙishi bai kashe ba, ƙarfe ba ya kama shi. Kaka ta ce ya koma da bunsurunshi. Ya ce to bari dai ya taɓa. Ya zura yatsa, gaiwa ta kama. Ihun da ya yi an ce an ji shi a Azagor, ni dai na san jakunana sun tsinke daga turke. An yi dariya, amma Kaka ta ga abin ba mai ɗorewa ba ne. Yau dutsen niƙa, gobe boka, jibi wani ya zo ba ta nan. Ga shi gaiwar ta fara ramewa, hancinta ya goge don bugun randa, gara ma sai ta ga dama.

Ta ce mani, "Nan ba gidanta ba ne. Ɗakinta ita ta gina da kanta, ba wanda ya taya ta. Bari in ba ta laka ta yi abinta."

Ta kwaɓa sauran yumɓun nan ya yi laushi, ta cika kwatarniya, ta zuba ruwa kaɗan bisa, ta saki gaiwar a ciki ta aje a inuwa. Sannan ta hana kowa ƙara ko ɗigo. Nan gari ya taso mata. Mata su zo da ƙwaryarsu, ta tare ƙofa.

"Haba Iya, ki ji tsoron Allah, rai ne fa!"

"Da tsufanki za ki hana baƙo ruwa?"

Maƙwabciyarta da suka yi ƴanmatanci tare ta daina gaishe ta. Baffa ya ce Inna ta jawo mana abin faɗa har jikoki. Ni kaina na ce, "Amarya, in kin gaji da ita ki faɗa, a kira boka, ba sai an gasa ta da rai ba." Ta ce in ɓace mata da gani. Amma na lura tuwonta na dawowa kamar yadda aka kai. Ita ma ba ta da tabbaci, abin da ta gani cikin hoge kawai take bi.

Ruwan ya yi ta ja har ya koma kamar kunu. Wata la'asar ta yafato ni da hannu. Gaiwa ta kafa kai cikin laka, tana cin ta da baki tana fiddo ta ta gefen wuya, tana nutsewa a hankali har wutsiya ta ɓace. Can sai muka ga lakar na motsi daga ciki, ana juyawa. Sai ga ɗan bakin ya dawo sama, ya ja iska, ya koma. Kwana da kwanaki tana haka, ruwa na yin ƙasa tana binshi, har saman ya bushe ya tsage, ba abin da ya rage sai wata ƴar kafa da ƙaramin yatsa ba ya shiga. Kaka ta shafa gefen kafar ta ce, "Dubi baki. Ko ni ban iya gyara bakin tulu haka ba."

Daga nan sai shiru. Ba kuka, ba motsi. Gari ya ce ta kashe ta, ta kuma gina mata kushewa. Ni na ce a ɗan fasa gefe a leƙa. Ta ce in ka fasa ka iske ta da rai, ai ka rushe mata ɗaki ke nan, me ka yi? Takan kara kunne a kafar ta daɗe, sannan ta taso ta koma ɗakinta.

Da lakar ta yi tauri sosai sai ta fasa kwatarniyar da hannunta, kwatarniyar da ta girme ni, ta fiddo curin ɗungum. Muka naɗe shi da tabarma muka sa a gefen mangala, ɗaya gefen muka cika da rairayi don kaya su daidaita. Ta ce da ita za a je. Na aza ta bisa ɗaya jakin, tana zagin gwiwarta tana zagin jakin tana zagina, muka kama hanyar Ɗan Gulbi. In mai ɗauke da curi ya yi tuntuɓe sai ta dafe ƙirji. Duk inda muka tsaya, curi ke shiga inuwa, mu mu zauna rana.

Da muka gangara fadamar sai muka hangi maza can tsakiyar tafkin da ya bushe, wajen da ban taɓa zuwa ba, nesa da ramin magina. Kowa da hauya, suna tafe a duƙe kamar masu biɗar allura, gefe ga hoge an tara tuli. Na yi sallama na tambayi wani ƙaƙƙarfa mai tsage a kumatu ko gini za su yi.

"Gini? Miya dai."

Ya ɗauki hoge ɗaya ya buga da ƙotar hauya, ya rabe, ga gaiwa a naɗe, wutsiya bisa fuska, irin tamu sak. Ya jefa ta cikin taiki. Ya ce sauran ba a fasawa, a rumbu ake jera su, su yi ta barcinsu, ran da uwargida ke son ɗanyen kifi sai ta ɗauko ɗaya ta fasa. Na dubi tulin nan. Kowane hoge da mai barci a ciki. Ƙasar da na sha takawa da jakuna ina waƙa, ashe gari ne guda a ƙarƙashi, kowa cikin ɗakinshi. Sai na ji ƙafa ta yi mani nauyi, na rasa inda zan aje ta.

Da na ba su labarinmu, har da fura da dutsen niƙa, suka zubar da hauyoyi suna dariya, wani har da birgima. "Kun ɗauko miya bisa jaki kun maido ta gida? Kai, Allah Ya bar mu da mutanen tudu!"

Kaka ba ta kula su ba. Ta sa na sauke curin, ta kwance tabarma, ta dubi mai tsagen.

"Ɗana, kai ka san su. Wannan tana nan, ko ta tafi?"

Ya durƙusa ya duba ƴar kafar, ya sunsuna. Ya ce, "Ba wari dai, Iya." Ya tsinko tsinken ciyawa ya zura a hankali, ya ɗan juya. Muka kasa kunne. Ba komai. Ya ƙara zurawa. Kaka ta kama hannuna ta matse har na ji a ƙashi. Sai daga cikin busasshen curin nan, can ciki, muka ji ƙwaak, gajere, cikin fushi, irin na wanda aka tasa bai gama barci ba.

Kaka ta zauna daɓas a ƙasa. Ta rufe fuska da gefen zane, kafaɗunta na rawa, ban sani ba kuka ne ko dariya. Mazan nan masu birgima suka bar dariya suka matso. Su sun saba fiddowa, ba su taɓa ganin wanda ya maida ba.

Mai tsagen ya ce, "Iya, wa ya koya maki?"

Ta nuna curin da haɓa.

Ya ce to ta bar mashi, yana son ya ji ɗanɗanon wadda ta ga furar tudu. Ta ce a'a. Ta tambaye shi ko suna tono a ramin magina. Ya ce ba su taɓa shi, na mata ne, wanda ya sa hauya a can matarshi ba ta ƙara samun tukunya a garin. Can muka kai ta. Na gina da dagi daidai inda na ɓamɓaro, Kaka ta zaunar da curin, kafar na duban sama, ta cike gefe da hannunta, ta kewaye wurin da ƙaya don kada dabba ta taka. Ta zuba hatsinta. Sannan ta tsuguna ta gutsuro yumɓu, ta tofa mashi yawu tana murzawa tsakanin yatsu, fuskarta ta saki kamar an sauke mata kaya.

Ta ce, "Cika mangala. Kuma ka duba kowane hoge, in ka ga kafa ka bar shi."

Ina haƙa ina kallon mazan can suna aza tulinsu bisa jakuna. Bakina ya ƙi zama. Na ce, "To amarya, an fasa kwatarniya, an yi faɗa da gari, gwiwa ta sha hanya. Damina na sauka za ta fito ta bi ruwa, baɗi war haka wancan mai tsagen ya tono ta ya kai ma matarshi. Duk wahalar nan miyar wani muka yi ma reno."

Ko kai ba ta ɗaga ba daga lakar da take murzawa.

"Kai ma tsutsa ke jiranka, ja'iri, ban fasa yi maka wanka ba ran da aka haife ka. Haƙa!"